Minti Huɗu da Daƙiƙa Takwas

Litinin, 3 ga Maris

Na ci! Kwamiti ya karɓi rahotona baki ɗaya, ko waƙafi ba a taɓa ba. Ranar 31 ga wata za a daina zanen rana na safe, a kwashe tsohon madubin hangen nesa daga ƙaramar ƙubbar cibiyarmu ta nazarin rana, a dasa kyamarata a wurin. Shekara biyu ke nan tana gasuwa a rumfar kwano a saman ofis, da rana ta take hotunan su riƙa rawa saboda zafi, alhali ga ɗaki mai sanyi an bar wa takarda da fensir.

Abin da na rubuta gaskiya ne, kuma ba na janye ko harafi ɗaya. Madubi ya jefo hoton rana a kan farar takarda, da'ira kamar faranti, mutum ya sunkuya yana bin tabban da ke fuskarta da fensir ɗaya bayan ɗaya. A wannan zamani! Kyamarata tana ɗaukar hoto duk daƙiƙa goma, ba ta ciwon baya, ba ta zuwa shan shayi.

Har abokin aikinmu da muke kira Ina Hujja ya ɗaga hannun amincewa. Shi da ko ka ce masa barka da asuba sai ya nemi shaida. Na cika masa shafi goma sha biyu da lissafi, ya juya, ya juya, bai samu kuskure ba.

Na yi kiciɓis da Baba Mai Fensir a baranda. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan zane, kuma gaskiya na so in kauce. Sai ya ce, "Dakta 'yata, an ce kin yi nasara. Allah ya sanya alheri." Ko ɓata fuska bai yi ba. Da ya yi fushi da na fi samun sauƙi.

Laraba, 5 ga Maris

Baki shi ke yanka wuya. Shugaba ya kira ni ofis. Gobe za a yi wa Baba aikin yanar ido, sati shida ba aiki, kuma ya roƙi arziki ɗaya: kada zanen ya yanke kafin ranar rufewa. Shugaba ya buɗe rahotona, ya ɗora yatsa a shafi na huɗu inda na ce aiki ne da kowa zai iya. "To, Dakta, ke ma kowa ce."

Baba ya hau da ni ya nuna mini. Matakalar ƙarfe mai juyi, warin giris da ɓawon fensir, kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da ninkakkiyar takarda. Dokokinsa sun fi na asibiti yawa. A bar waya a kwandon gindin matakala. Kada a kuskura a kai ido bakin madubi, takarda kaɗai ake kallo. Fensir da reza ake fiƙe shi. A rubuta lokacin buɗe rufi, da na fara zane, da na gamawa, har da daƙiƙa, kuma daga agogon bango, wancan dogon mai lilo. Ya fara cewa, "Shi kuma agogon nan..." sai saƙo ya shigo mini, na ce, "Baba, ai na iya duba agogo." Ya yi murmushi ya miƙo mini rezar.

Alhamis, 6 ga Maris

Zane na farko. Kamar kaza ta taka tawada.

Juma'a, 7 ga Maris

Na tsaya amsa saƙo, kafin in ɗago rana ta zame daga da'irar, rabin tabban suna wani wuri. Na ɓata takarda biyu. Daga gobe waya kwando, ba don dokar Baba ba, don takarda.

An ce aikin idon ya yi kyau. Zan je gaisuwa in na samu sarari.

Litinin, 10 ga Maris

Wani gungun tabbai ya ɓullo daga gefen gabas tun shekaranjiya, yau ya shigo sosai. Ƙato ne, manya biyu baƙi ƙirin da ƙanana a warwatse tsakaninsu kamar an zubar da barkono. Na ƙirga talatin da ɗaya. Na sauko na duba kwamfuta, ita ashirin da bakwai ta ba ni. Na buɗe hotunan da kaina don in kama kuskurena, sai na tarar huɗun suna nan, 'yan mitsi-mitsi, zafin kwano ya dusashe su. Wannan ma ai hujja ce cewa kyamara na buƙatar ƙubba. Haka na gaya wa baban yara. Ya ce, "Ko kuma hujja ce cewa ido ido ne." Shi da maganin tari yake sayarwa, me ya sani?

Hannuna ya fara faɗawa. Minti arba'in maimakon awa ɗaya.

Laraba, 12 ga Maris

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Na buɗe rufi tara da kwata, sama tas babu ko ɗigon gajimare. Na gama ƙananan gungu, na zo kan babban, ina zagaya bakin tabon hagu da fensir. Sai ga wani ɗigo fari ƙal a gefensa, ya fi takardar haske. Na ɗauka rana ce ta sato ta wata ɓula a labule. Na girgiza labulen, ɗigon bai motsa ba. Na ɗan taɓa madubin, hoton ya gusa, ɗigon ya gusa tare da shi. A kan rana yake! Sai ga na biyu ya kunno kusa da ɗaya tabon.

Farar walƙiya. Abin da nake koya wa ɗalibai daga littafi, cewa in rana ta yi fashewa mai tsanani, wani sa'in har a hasken da ido ke gani takan nuna, na 'yan mintoci, kuma waɗanda suka taɓa ganinta da idonsu ba su da yawa. Ga ta a ƙarƙashin fensirina.

Na laluba aljihu, babu waya. Na kusa rugawa ƙasa in ɗauko, sai na ji kamar muryar Baba: lokaci tukuna. Na ɗaga kai. Tara da arba'in da bakwai da daƙiƙa ashirin. Na rubuta. Na zagaye ɗigon biyu, na sake zagaye su bayan minti ɗaya, sun ɗan ja baya da juna, na sake, na sake. Tara da hamsin da ɗaya da daƙiƙa arba'in suka mutu kamar an hure fitila. Na zauna a kujerar nan mai ɗingishi ina ta dariya ni kaɗai, ga hawaye.

Da na sauko wayar na ta ƙugi a kwando. Saƙon gargaɗin da tauraron ɗan'adam ke aiko mana in an yi babbar fashewa, da kira bakwai. Na ruga rumfar kwano in ga abin da kyamarata ta kama.

Ba ta kama komai ba. Murfi a rufe. Kullum daga tara da arba'in zuwa tara da hamsin takan rufe kanta ta auna duhunta don tace hotuna. Ni na tsara mata haka.

Ba komai. Ina da takardar. Na bi ofis-ofis da ita a cikin leda kamar mai tallan zinariya. Shugaba ya tashi tsaye, mai shara ma sai da ta leƙa. A gida na sa yara suka zauna na zana musu a bayan kalanda. Babbar ta ce, "Umma, ɗigo biyu ne kawai?" Ɗigo biyu, kowanne ya fi ƙasar nan girma.

Alhamis, 13 ga Maris

Na tarar agogon bango ya tsaya cik a kan biyu da wani abu. Kayan da! Na samo mabuɗin a samansa, na murɗa har ƙarfen nauyin ya koma sama, na ɗauko waya na saita hannayen daidai wa daida. Ko Baba bai taɓa samunsa daidai haka ba.

Na aika hoton zanen ga masu tattara bayanan fashewar rana a ƙasashen waje.

Juma'a, 14 ga Maris

Taron ƙarfe sha ɗaya. Na shiga da sabon mayafi.

Ina Hujja ya bari na gama tsaf, sannan ya miƙe da 'yar takardarsa. Tauraron ɗan'adam ya nuna fashewar ta fara tara da arba'in da uku. Farar walƙiya da farkon fashewa take zuwa, ba bayan ta lafa ba. Saƙon gargaɗi ya shiga wayoyinmu tara da arba'in da shida. Ni kuma na rubuta tara da arba'in da bakwai. Wato minti huɗu bayan lokacin da ya kamata, minti ɗaya bayan saƙo.

"Ban ce kin yi ƙarya ba, Dakta. Na ce ido yakan ga abin da aka riga aka gaya masa."

Na ce wayata na kwando. Ya ce wa ya gani? Na ce to wataƙila agogon ne. Ya ce ya hau da safe ya gwada, daidai yake, in ban da 'yan daƙiƙoƙi. Ni kuma da bakina na ce ai ni na saita shi jiya.

Shugaba ya cire tabarau. "Kin taɓa agogon bayan abin ya faru?"

Garin neman gira na rasa ido. Ko gaba yake ko baya, da nawa, ni na share amsar da yatsana. Shugaba ya ce a rubuta wa mutanen waje a ce su dakata da zanen. Babu wanda ya kalle ni a baranda, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun ina 'yar makaranta.

Na gan ta. Wallahi na gan ta.

Asabar, 15 ga Maris

Na yi zane, na dawo, na kwanta. Baban yara ya zauna bakin gado ya ce, "Kwana tara da yi wa dattijon nan aiki, ko sannu ba ki je kin yi ba. Ki je don Allah, ba don agogo ba." Na ce ba ni da fuskar zuwa. Ya ce in tafi da wadda nake da ita.

Lahadi, 16 ga Maris

Gidan a ƙarshen layi yake, bayan shagon mai walda. Mama, matarsa, ta shigar da ni ɗaki labule a sake. Yana kishingiɗe da baƙin tabarau, kwalaben maganin ɗigawa a jere a kan tebur, kowacce an manna mata takardar lokaci da rubutunsa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kin murɗa agogo ran Litinin?"

Ashe duk Litinin ake murɗa shi. Abin da ya fara gaya mini ke nan na katse shi.

Na faɗa masa komai, ban rage ba. Da na zo kan saita hannaye sai ya dafe kai, Mama ta ce kada ya sunkuya, likita ya hana. Na jira faɗa. Sai ya ce, "Bar agogo tukuna. Faɗa mini yadda take."

Na faɗa. Ya ce farin kamar me? Na ce kamar an huda takardar an haska tocila ta baya. Ya ce biyun tare suka zo? Na ce na hagu ya riga. Sun matsa? Sun matsa. Sai na ga ruwa na gangarowa ta ƙarƙashin tabarau.

"Shekara arba'in da ɗaya nake jiranta. Wanda ya koya mini ya yi talatin bai gani ba. Ke kwana bakwai." Ya yi 'yar dariya. "Rabo ke nan. Amma a takardarmu ta sauka, alhamdu lillahi."

Takardarmu. Ni da na rubuta shafi goma sha biyu a kan a jefar da ita. Ban san inda zan sa idona ba.

Sannan ya ce ba a taɓa hannun agogon nan sai ranar farko ta shekara. Gudu yake yi, kuma an san gudunsa. Duk Litinin yakan kunna rediyo, in ƙarar cikar awa ta buga ya duba da nawa agogo ya wuce, ya rubuta. Zane yana ɗauke da lokacin bango yadda yake, gyara kuma yana littafi. "Maƙaryacin da ka san iyakar ƙaryarsa ya fi mai gaskiyar da kowa ke murɗa wa baki." Littafin yana cikin akwatin agogon, a ƙasa, bayan lilo.

Na tashi har na manta jakata. Mama ta biyo ni da ita ƙofar gida tana cewa, "Ku dai masu rana duk haka kuke."

Litinin, 17 ga Maris

Yana nan! Baƙin littafi, bango ya sha hannu har yana ƙyalli, da wasu goma sha uku irinsa a ɗaure da zare. Layi ɗaya kowace Litinin, ba tsallake. Na ƙarshe, 3 ga Maris: gaba da minti uku da daƙiƙa talatin da bakwai. Na bi baya sati-sati har farkon shekara, daƙiƙa uku da rabi yake ƙarawa kullum, kamar an auna da mudu. Kwana tara zuwa ranar Laraba. Minti huɗu da daƙiƙa takwas.

Na cire daga abin da na rubuta. Tara da arba'in da uku da daƙiƙa goma sha biyu.

Na yi ihun da tattabarun kan rufi suka watse. Daidai kan farkon fashewar, kusan minti uku kafin wayar kowa ta yi ƙara! Na sauko matakala bibbiyu, na dire littafin a teburin Ina Hujja, kofin shayinsa har ya yi tsalle. Na ce ga uwar hujja.

Ya karanta a tsanake, mutumin nan ba ya gaggawa ko gobara ake. Ya ce littafin ya tsaya ran uku ga wata, wa ya san abin da agogo ya yi bayan nan, ga shi yana dab da mutuwa? Na ce nauyi ke jansa, ƙarfinsa ɗaya har ya dire ƙasa. Ya ce, "Haka ake cewa." Ya ɗauki zanena bakwai ya fita. Na bi bayansa da harara har ya sha kwana.

Talata, 18 ga Maris

Ƙarfe takwas ya ƙwanƙwasa ofishina, shi da bai taɓa takowa ba. Ashe injin buɗe rufin ƙubba yana aika lokacinsa ga kwamfutar ƙasa duk sanda aka danna, tun da aka sa shi, ba wanda ya taɓa dubawa. Ya jera lokacin injin da wanda na rubuta a kowace takarda. Ran shida bambancin minti uku da arba'in da takwas. Yana hawa, yana hawa. Ran sha biyu, minti huɗu da takwas.

Ya ajiye a gabana ya ce, "Na nemi inda zan kama ki, na kama kaina. Kin gan ta, Dakta. Ki yafe ni."

Na so in ja aji, har na shirya maganar da zan yaɓa masa tun ran Juma'a. Sai na ji ina cewa ya zauna a kawo shayi. Da rana shi da kansa ya tsaya gaban kowa ya karanta lissafin, Shugaba ya fara tafi, sauran suka bi. Mai shara ta ce ita dama ta san ba na ƙarya, don ta ga fuskata ranar.

Na kira Baba. Bai ce komai a kan nasarar ba, sai, "Kin rubuta na jiya a littafi?" Na murɗa, amma ban rubuta ba. Ya ce sati biyu ke nan babu layi, a bar gurbinsu fari, kada a cike da ƙiyasi.

Alhamis, 20 ga Maris

Amsa daga waje. Tauraron ɗan'adam da ke ɗaukar hoton rana da farin haske yana cikin inuwar duniya a lokacin. Tashoshi biyu hadari ya rufe su, sauran dare ne a wurinsu. Babu wanda ke da farar walƙiyar nan sai mu. Ɗigon biyu sun faɗa daidai inda na'urorinsu suka ce wutar ta dira, kuma matsawar da na zana minti-minti ita suke nema.

A ƙasan wasiƙar matar da ta rubuto ta tambaya: wannan takarda mai lamba 11,062, ina sauran dubu goma sha ɗayan? Kuma da gaske ne akwai littafin agogo na kowane sati? Suna son a ɗauki hotonsu duka.

Na shiga ɗakin ajiya na buɗe durowa ɗaya don in ƙirga. Awa biyu na yi a tsaye. Akwai zanen ranar da aka haife ni. Tabo uku, sama garau.

Asabar, 22 ga Maris

Na fara rubuta takardar binciken. Sunaye uku, na Baba a gaba. Baban yara ya leƙo ta kafaɗata ya yi gyaran murya. Na ce tsarin haruffa na bi. Ya ce to harafin nawa ai ya riga nasa. Na ce ya je ya duba tukunya.

Litinin, 24 ga Maris

Na murɗa. Na kunna rediyo, na shagala da fiƙe fensir, ƙarar awa ta wuce ni. Sai da na jira ta gaba.

Alhamis, 27 ga Maris

Kwamiti. Yau na lashe amaina a gaban mutum tara, kuma ban mutu ba.

Na tashi na ce rahoton da suka karɓa ranar uku ga wata lissafinsa daidai ne, hukuncinsa ne ba daidai ba. Na ɗora musu takardar Laraba, da baƙin littafi, da wasiƙar waje. Wani ya ce to kyamarar fa, ba ke kika ce tana gasuwa ba? Na ce a yi wa rumfar silin da fanka, a kuma mayar da awon duhunta bayan faɗuwar rana, abin da ya kamata in yi tun farko. Ina Hujja ya ce shi dai ya ga hujja. Dariya ta ɓarke, don ba a taɓa jin wannan daga bakinsa ba.

Shugaba ya ce ya ji, amma Baba zai ajiye aiki ƙarshen shekara, kuma ba za a bar ƙubba a buɗe don tarihi ba. Sai in akwai wanda zai sa hannu ya ɗauki zanen, kullum, har Asabar da Lahadi. Ya tura takarda tsakiyar tebur. Kowa ya shiga duba farcensa.

Na sa hannu. Na wata uku ne, kafin a samu wani. Na faɗa da ƙarfi don a rubuta.

An soke rufewa. Na fito baranda na kira Mama, na ji tana faɗa masa, na ji ya ce a ba shi hularsa, ita kuma tana cewa ina za ka da ido ɗaya.

Litinin, 31 ga Maris

Yau ce ranar da za a kwance madubi. Masu kwancewar suna saman ofis suna buga silin.

Baba ya zo, Mama ta rako shi. Likita ya hana shi hawa da kallon haske, don haka ya zauna a gindin matakala kusa da kwando, baƙin tabarau a fuska, rediyo a cinya. Na jefa wayata a kwandon, ya ji ƙararta ya gyaɗa kai.

Babban gungun ya daɗe da zagayawa bayan rana. Yau tabo tara ne kawai, ƙanana, ba abin nuna wa kowa. Na yi minti hamsin a kansu, don na ukun yana da wata 'yar jela da ta ƙi zama daidai. Daga ƙasa yana ta tambaya, nawa ne a arewa, na kudun ya rabu biyu ko bai rabu ba. Ya rabu.

Dab da ƙarfe goma ya ce in tsaya gaban agogo. Na murɗa, na buɗe littafi. Ga rubutunsa na uku ga wata, ga layi biyu fari, ga nawa na satin jiya a karkace. A gefen farin na rubuta: ya tsaya 13 ga wata, an saita hannu, laifin mai zane. Rediyo ya fara ƙara, Baba ya ɗaga murya, "Yanzu!"

Gaba da minti ɗaya da daƙiƙa uku.

Da na sauko ya karɓi takardar ya kai ta kusa da hanci, ya ce inuwar tabon ta yi nauyi, in rage danna fensir. Ko sannu. Sannan ya ce rezar da ya ba ni in riƙe, yana da wata a gida.

A hanya na tsaya shagon littattafai. Baban yara ya ga ledar ya ce, "Fensir ɗaya wata guda yake yi miki, aikin wata uku ne, me za ki yi da kwali biyu?" Na ce ba a sayar da ɗai-ɗai. Ana sayarwa.

Minti ɗayan nan yana ta yi mini ƙaiƙayi a yatsa tun safe. Ban taɓa shi ba.